Linux Za Ta Iya Ture Windows Daga Kan Teburinmu?

 

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu ba, tana kunnuwa kamar kullum, tana buga takarda, tana shiga intanet. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaron da kamfanin ya saba aikowa wata-wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, sai fa ga wanda ya shiga wani tsarin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Kamfanin ya ce kowa ya koma Windows 11. To amma Windows 11 tana da zaɓe. Tana neman wani ɗan guntun ƙarfe na tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma neman ƙwaƙwalwar kwamfuta ta zamani, ta yadda galibin na'urorin da aka ƙera kafin wajen 2018 ba ta karɓarsu a hukumance. Ku leƙa shagunan da ake sayar da laftof na hannu, daga Farm Centre a Kano har Computer Village a Ikeja, ku duba shekarun kayan da ke jere a kanta. Da yawansu lafiyarsu ƙalau, amma a lissafin kamfanin sun tsufa.

Wannan ne ya sake tayar da wata tsohuwar muhawara: shin manhajar da kowa ke da ikon ɗauka kyauta, ya buɗe cikinta, ya gyara, za ta iya maye gurbin ta manyan kamfanoni a kwamfutar ofis da ta gida? Linux ake nufi, kuma a kanta za mu yi magana yau.

Da farko, me ake nufi da babbar manhaja? Ita ce ke fara tashi idan ka danna maɓallin kunnawa. Ita ke raba wa sauran manhajoji wurin aiki a ƙwaƙwalwa, ita ke karɓar abin da ka buga a allon rubutu, ita ke magana da firinta da lasifika da kyamara. Word ko CorelDRAW ba sa iya motsi sai a kanta. Windows babbar manhaja ce, ta kamfanin Microsoft. MacOS ma haka, ta kamfanin Apple. Dukansu biyu a rufe suke: umarnin da aka rubuta aka gina su da shi yana hannun kamfanin, kai izinin amfani kawai aka sayar maka. Zamanka a cikinta zaman ɗan haya ne. Ka biya, ka shiga, amma ba ka da ikon fasa bango, kuma ranar da maigidan ya ce zai rushe ɗakin ya gina sabo, kayanka za ka kwashe. Abin da ya faru da Windows XP ke nan a 2014, ya faru da Windows 7 a 2020, yanzu ga shi ya zo kan Windows 10.

Ita Linux ta wata hanya ta biyo. A 1983 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙaddamar da aikin da ya kira GNU, da niyyar gina babbar manhajar da ba wanda zai hana wani karanta ta ko gyara ta ko raba ta. Suka gina sassa da yawa, amma zuciyar ba ta kammalu ba. A 1991 sai wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta tasa zuciyar ya saka a intanet, ya ce mai so ya ɗauka ya taimaka. Aka haɗa biyun. Sharaɗin lasisinta guda ne mai nauyi: in ka gyara ta ka raba wa mutane, dole ka ba su gyaran a buɗe kamar yadda ka same ta. Daga nan ƙungiyoyi da kamfanoni suka riƙa harhaɗa nasu samfurin. Debian ta fito a 1993. Ubuntu ta fito a 2004, da kuɗin wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth. Linux Mint ta biyo baya a 2006, kuma har yau ita ce aka fi nuna wa wanda ya saba da Windows, don fasalinta bai yi nisa da abin da idonsa ya sani ba.

Kada wani ya ɗauka wasan yara ne na masu zaman banza. Tun daga ƙarshen 2017, duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki, babu ko ɗaya da ta fita. Galibin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet ita ce a cikinsu. Wayar Android da ke aljihunka a yanzu haka, zuciyarta Linux ce, ko ka sani ko ba ka sani ba. A 2019 kamfanin IBM ya biya dala biliyan 34 ya sayi Red Hat, kamfanin da sana'arsa ita ce kula da Linux wa manyan ma'aikatu. Shi kansa Microsoft, wanda shugabansa na lokacin, Steve Ballmer, ya taɓa kwatanta Linux da cutar daji a 2001, yau ya buɗe mata ɗaki a cikin Windows, yana kuma ba da hayar kwamfutocin da ke gudanar da ita.

Amma a kan tebur labarin ya sha bamban. Ƙididdigar Statcounter ta 2024 ta nuna cewa cikin kowace kwamfutar tebur da laftof 100 da ke shiga intanet, sama da 70 Windows ce, wajen 15 na Apple ne, Linux kuwa da ƙyar ta haura 4. Shekara 30 da ɗoriya ana ba da abu kyauta, mai kyau kuma, amma mutum 4 cikin 100 ne suka karɓa. A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani, domin amsar ba ta cikin ingancin manhajar.

Bari in ba ku labarin birnin Munich na ƙasar Jamus, don duk mai wannan muhawara sai ya ambace shi, kowa kuma yana jan sa ɓangarensa. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar raba kwamfutocin ma'aikatanta da Windows. Abin ya girgiza Microsoft har Ballmer da kansa ya tashi ya je ya gana da magajin garin, Christian Ude, ya yi tayin rangwame. Majalisa ta ce ta ji, amma ta riga ta yanke. Suka gina nasu samfurin suka sa masa suna LiMux. Aikin ya ci shekara 10. Zuwa ƙarshen 2013 an sauya wajen kwamfutoci 15,000, duniya ta yi ta tafi. Sai aka yi zaɓe a 2014, aka samu sabon magajin gari, Dieter Reiter, wanda bai ɓoye cewa ba ya sha'awar tsarin ba. A 2016 Microsoft ya mayar da hedikwatarsa ta Jamus cikin Munich. A 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Masu goyon bayan Linux suka ce ai ga dalili nan a fili, siyasa ce da kasuwanci. Ɗaya ɓangaren suka ce a'a, ma'aikata ne suka gaji: takardar da aka aiko daga wata hukuma a tsarin Word sai ta buɗe a karkace, manhajoji na musamman da wasu sassa ke buƙata ba a yi su don Linux ba, har ya zama dole a ci gaba da riƙe dubban kwamfutoci masu Windows a gefe, ana kula da tsari biyu a lokaci guda. Ni a ganina kowanne ya faɗi rabin gaskiya. Munich ta sauya nata gidan, amma duk maƙwabtan da take musayar takardu da su ba su sauya ba, kuma aikin da ya dogara da ra'ayin shugaba guda, ranar da shugaban ya sauka sai ya fara tangal-tangal. Ba a nan ma labarin ya ƙare ba: a 2020 sabon ƙawancen da ya karɓi majalisar ya sake cewa zai fifita buɗaɗɗiyar manhaja duk inda ya yiwu.

Yanzu ku dubi jandarmomin Faransa. Su ba su yi gangami ba, ba su kuma fara da babbar manhaja ba. A 2005 suka cire Microsoft Office suka sa OpenOffice, alhali kwamfutocin suna kan Windows. A 2006 suka sauya manhajar shiga intanet zuwa Firefox. Sai a 2008, bayan hannun kowa ya faɗa a kan sababbin kayan aikin, suka fara ɗora Ubuntu, sannu-sannu, galibi a lokacin da ake sauya tsohuwar kwamfuta da sabuwa. Jandarman da ya zo ofis da safe ya tarar da manhajar rubutunsa ta jiya, manhajar intanet ɗinsa ta jiya, ƙasan ne kawai ya canja, shi kuma ba ƙasan yake kallo ba. Yau kusan dukkan kwamfutocinsu, wajen 100,000, a kan Linux suke. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta ɗauki irin wannan hanyar: a 2024 ta sanar da sauya kwamfutoci kusan 30,000, ta kuma fara da LibreOffice, madadin Microsoft Office, kafin ta taɓa Windows. A jihar Kerala ta Indiya kuwa, makarantun gwamnati sun fi shekara 15 suna koyar da yara a kan Linux, don haka yaron da ya tashi a can bai san wani abu wai shi wahalar sauyi ba.

Abin da ke riƙe mutum a Windows, ashe, ba Windows ba ce. Kayan aikin da ke kanta ne, da takardun da ya tara, da hannunsa da ya saba. Hausawa suka ce sabo turken wawa, amma a nan ba wauta ba ce, lissafi ne. Mai shagon buga takardu da ke bakin sakatariya ko ƙofar jami'a, da CorelDRAW yake tsara katin biki da kalanda da allon talla, kuma CorelDRAW ba ta da samfurin Linux. Mai tace fim a Kannywood da ya ƙware a Adobe Premiere, mai gyaran hoto da Photoshop, mai zanen gini da AutoCAD, duk haka. Akwai madadinsu a buɗe, Inkscape da GIMP da Kdenlive, kuma suna aiki. Sai dai ka ce wa mutumin da layi ke jiransa ya ajiye abin da ya shekara 10 yana yi da ido a rufe, ya koma ɗan koyo, sannan in ya kai aikin wurin mai babban injin bugawa a ce masa fayil ɗin Corel kawai ake karɓa? Ba zai yi ba, kuma bai yi laifi ba.

Sai maganar kuɗi. A Turai, babbar hujjar masu Linux ita ce ba a biyan lasisi. A wurinmu wannan hujjar ba ta da kaifi, don gaskiya ɗaya ce: Windows ɗin da ke kan kwamfutoci da yawa a kasuwanninmu ba a saye ta daga kamfanin ba. Ka kai laftof wurin mai gyara, ya yi mata fomatin, ya loda maka Windows da Office da Corel da duk abin da ka ambata, ka biya kuɗin aikinsa ka tafi. Wanda bai taɓa biya ba, me za ka ce masa da kyauta? Abin da ba a gaya masa shi ne, manhajar da aka fasa aka cire mata makulli, ba ka san abin da mai fasawar ya cusa a ciki ba, kuma sau da yawa akan kashe mata hanyar sabuntawa don kada kamfanin ya gane. Araha ce wadda kuɗinta ke fitowa daga baya. A watan Mayun 2017, cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ya fitar da maganin kafar tun watanni biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. Mai fasasshiyar manhaja kullum a wannan layin yake.

Kada kuma a ce na ce Linux ba ta da kafa. A watan Maris na 2024 aka gano cewa wani ya shafe shekaru yana nuna kansa mai taimako a wata ƙaramar manhaja da ake kira xz, wadda kusan kowane samfurin Linux ke amfani da ita, har aka yarda da shi, sannan ya dasa ƙofar sirri a ciki. Wanda ya gano, Andres Freund, injiniya ne a Microsoft, kuma abin da ya ja hankalinsa jinkiri ne na kusan rabin daƙiƙa da ya lura da shi. An tare abin kafin ya yaɗu, don rubutun a buɗe yake, mai ido zai iya bi ya duba. Amma ya nuna cewa wasu ginshiƙan wannan gini mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da su a lokacin hutunsu, ba albashi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi: kwamfuta da Windows take zuwa. Kamfanonin HP da Dell da Lenovo suna ɗora ta tun daga masana'anta, kuɗin lasisin yana cikin farashin. Mutum ba ya zaɓen babbar manhaja, tarar da ita yake yi. Wanda ya ci kasuwar masana'anta da ta makaranta ya ci kasuwar gobe, kuma kamfanonin sun san haka sarai. Mu ma abin ya taɓa biyowa ta ƙofarmu. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora Linux a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta a Najeriya. Ana cikin haka sai shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa, yana kukan cewa an shirya goge Linux ɗin a sa Windows bayan an kawo kayan. Maganar ta zaga jaridun fasaha na duniya. Kwamfutoci 17,000 ba wani abu ba ne a wurin kamfanin da ke sayar da miliyoyi. Yaran da za su tashi da su ake wa kokawa.

To, za ta iya ko ba za ta iya ba? Ga hukuncina. A kasuwar duniya gaba ɗaya, ban ga alamar Linux za ta ture Windows daga kan tebur nan kusa ba, kuma duk wanda ya ce muku bana ce shekarar, ku tuna an fi shekara 20 ana faɗin haka. Amma tambayar da ta shafe ka ba ta kasuwar duniya ba ce, ta teburinka ce. In aikinka rubuta takarda ne, da lissafi a jadawali, da shiga intanet, da cike fom, da kallon darasi, da aika saƙo, Linux ta isar maka tun jiya. Abubuwa da yawa ma yanzu a cikin burauza ake yin su, ita kuwa burauza ba ruwanta da abin da ke ƙarƙashinta. Chrome da Firefox da Zoom da VLC duk suna da samfurin Linux. Ga masu rubutu da Hausa, akwai tsarin allon rubutu na Hausa a cikinta, mai ɓ da ɗ da ƙ, sai dai ka shiga saiti ka zaɓa. Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja ko tsaron intanet kuwa, shi ba zaɓi ba ne a wurinsa, dole ne, don a kanta zai yi aiki in ya fita.

Waɗanda na fi so su ji wannan magana su ne shugabannin makarantu da masu cibiyoyin koyar da kwamfuta. Ɗakin kwamfutar da aka rufe don an ce na'urorin sun tsufa, sun yi nauyi, cuta ta cinye su, a gwada ɗora musu samfuri mara nauyi irin Lubuntu ko Linux Mint mai Xfce kafin a kira mai gwangwan. Da yawansu za su tashi. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta, kuma yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa an riga an cuce shi. Abin da yake buƙata shi ne hannunsa ya saba da allon rubutu da linzami, wannan kuwa kowace babbar manhaja za ta koya masa. Sai dai kada a yi irin ta Munich. A fara horar da malami ɗaya ko biyu, a tabbatar akwai mai gyara a kusa da ya san ta, don yawancin masu gyaranmu, da sun ga abin da ba su gane ba, fomatin za su yi su mayar da Windows. Matasa masu wannan sana'a, ga kasuwa nan ba kowa a cikinta.

Mai son gwadawa a gida, ba sai ka goge komai ba. Ka samu filash mai gigabait 8, ka sauke Linux Mint ko Ubuntu daga shafinsu na asali, ba daga hannun wani ba. Fayil ɗin yana da nauyi, gigabait 3 zuwa 6, don haka ka nemi inda data ke da sauƙi, kuma filash guda zai ishi mutum goma. Ka ɗora fayil ɗin a kan filash ɗin, sannan ka tayar da kwamfutar daga gare shi. Za ta buɗe ta yi aiki ba tare da ta taɓa abin da ke cikin na'urarka ba, in ka zare filash ka sake kunnawa, Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta. A wannan gwajin ka duba abu huɗu da suka fi ba da matsala: wayafai, sauti, firintarka, da kuma takardunka na Word, ka buɗe su a LibreOffice ka ga ko sun zauna daidai. In ma ba ka shirya wannan ba, yi irin ta jandarmomin Faransa: sa LibreOffice a kan Windows ɗin taka, ka yi wata guda kana aiki da ita. Ranar da ka yanke shawarar ɗorawa gaba ɗaya, ka fara kwafe hotunanka da takardunka zuwa wani wuri daban, don ɗorawar tana iya share komai.

Wanda kuma abincinsa ke cikin Corel ko Premiere, ya zauna a Windows, amma ya nemi ta halal mai karɓar sabuntawa, kada ya bar kwamfutar da yake shiga asusun banki da ita a kan manhajar da aka daina toshe wa kafa.

A nan za mu dakata. Wanda ya gwada, ya aiko mana da abin da ya gani, daɗi ko akasinsa, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.